Rabin Gwangwanin Man Birki

Ku da kuke taruwa a ƙofar garejina bayan la'asar, kowa da waya a hannu, kuna tseren mota da babban yatsa, ina jin duk abin da kuke faɗa. Jiya wani cikinku ya dubi hoton da ke rataye saman teburin kayan aikina, ya ce ai motar ba ta fi kwale-kwale ba, kujera ɗaya, ba ƙofa ba rufi, me zai ɗauki mutum kwana uku yana gyarawa a jikinta? Wani kuma ya ce shi da za a ba shi ita, da ya cinye kowa. Mai wannan maganar a gabana ya zo ajiye motar mahaifiyarsa a titin Grand Concourse, sai da ya hau dakalin titi da taya biyu. To ku nemi wuri ku zauna. Shekara shida na yi ina kanikancin irin wannan motar, kuma ba don alfahari na rataye hoton nan ba.

Aikin farko da aka ba ni a rayuwata shi ne wankin notuna. A Ƙofar Ruwa ne, a Kano, wurin maigidana Malam Garba. Ya turo mini wani tsohon kwano cike da notuna masu tsatsa, ya ce in wanke su da kananzir, in ware su girma-girma. Na yi kwana uku a kai. Da na gama sai na kwashi waɗanda bakinsu ya cinye na watsa a kwata. Malam Garba bai yi faɗa ba, ya dai tsaya a kaina har na tsamo su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. A garejinsa ba a zubar da komai. Ƙusa in ta lanƙwashe a miƙe ta, tsohuwar tuf ta cikin taya a yanka ta a yi ɗauri, baƙin man da aka juye a shafa wa katako saboda gara. Yakan ce wanda ya zubar da rabi, wata rana zai nemi kwata ya rasa. Shekara tara ina jin wannan, har ya zauna mini a jiki. Shi ya koya mini jin ciwon inji da kunne, shi ya koya mini ɗaure noti da hannu har in san ya isa, kuma ina yi masa addu'a har gobe. Laifin da zan ba ku labari nawa ne, ba nasa ba.

Da na zo New York tasi na yi ta gyarawa a nan Tremont, wajen shekara goma, kafin wata Juma'a wani tsoho ya tsaya a ƙofar garejin da babbar mota tana jan tirela, giyarta ta ƙi shiga. Toni sunansa, jikan Italiyawa, gajere mai faɗa. Ya tsaya yana kallona har na gama. Sannan ya buɗe tirelar ya nuna mini abin da ke ciki, ya ce yana da ƙananan motocin tsere uku da yara 'yan shekara sha biyar zuwa sha takwas suke tuƙawa, matakin farko ke nan ga mai son ya kai manyan gasa, ko zan riƙa bin su Juma'a zuwa Lahadi? Na dubi motar na yi irin dariyar da kuka yi jiya.

Ranar farko Toni ya jera mini notuna biyar ya ce in ɗaure su daidai wa daida. Na ce masa hannuna shi ne ma'auni, tun kafin a haifi 'ya'yansa nake wannan aiki. Na ɗaure. Ya ɗauko wata doguwar sifana mai ma'auni a jikinta, wadda in ɗauri ya kai inda aka saita ta sai ta ce ƙas, ya bi notunan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu biyun da suka zo daidai. Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin, da furfura a gemuna, na koma ɗan koyo.

Ku da kuke ganin abin wasa ne, bari in gaya muku yadda safiyar Juma'a take. A ɗora motar kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, direba yana zaune a ciki da hular kwanonsa, a yi ta juya sifirin har nauyin ya rabu yadda ake so. A auna tsayinta daga ƙasa, gaba da baya, da abin awo mai kaurin farce. A auna iskar taya tana sanyi, a sake aunawa da zarar ta shigo da zafi, a rubuta. A duba fukafukan gaba da na baya, don da su iska take danna motar a ƙasa. Kujera ma ba saye ake yi ba, a jikin yaron ake zuba ta da wani ruwa mai kumfa, ya zauna shiru har ta daskare. Kowace sifana da wurin kwananta a akwati, in an tashi aka ga gurbi ɗaya ba kowa, babu motar da za ta fita sai an gano ta, don wataƙila tana kwance ƙarƙashin takalmin direba.

Duk wannan na karɓa. Abin da zuciyata ta ƙi shi ne zubar da kaya. Toni yana lissafa wa ƙarfe awoyin aikinsa, in sun cika ya cire ya jefa a shara ko da yana ƙyalli. Man birki kuwa dokarsa ɗaya ce: gwangwanin da aka fasa ranar Juma'a, ranar Lahadi da yamma ya tafi bola, ko cokali ɗaya aka ɗiba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Man birki yana shan damshin iska da zarar an buɗe shi. A motar gida ba za ka taɓa sani ba. A motar tsere kuwa birki yana yin zafi har ƙarfen ya yi ja, ruwan da man ya sha sai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma ba ya tura komai. Direba ya taka, ƙafarsa ta tafi ƙasa. Na ji, na gane, na gyaɗa kai. Amma duk Lahadi in Toni ya juya baya sai in tsame gwangwanin daga bola in sa a akwatina, in kawo nan in zuba wa 'yan tasi, su kuma ba ya yi musu komai. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ni ne wawan.

Masu kawo mana aiki a wannan sana'a ba yaran ba ne, iyayensu ne. Akasari masu hali ne ƙwarai, su zo da motar kwana mai ɗaki da kicin, su tsaya bakin shinge da agogo a hannu. In yaro ya ci, jininsu ne. In ya zo na tara, mota ce. Akwai wani likitan haƙori da ya sa na canza wa ɗansa inji sau biyu a wata ɗaya, alhali kowa a filin ya san yaron ɗaga ƙafa yake yi tun kafin ya hango kwana. Na canza, na yi shiru. A wannan aiki ka iya riƙe sifana ka iya riƙe baki.

Rifkatu ba irin waɗannan ba ce. Mahaifinta Malam Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, jirgin ƙasa na layin D yake tuƙawa, mahaifiyarta kuma nas ce a wani asibiti a nan Bronx. Ni nake gyara musu mota tun tana goye. Tana da shekara takwas uban ya kai ta wurin ƙananan motocin wasan yara a New Jersey, aka kasa raba ta da sitiyari, daga nan duk hutunsa da na matarsa ya ƙare a wannan hanya. Da ta kai sha shida ni na kai su wurin Toni. Ya ba ta mota ta yi zagaye goma, ta shigo ta ce masa tayar baya ta hagu iskarta ta fi ta dama. Na auna. Bambancin bai kai abin da zan kula da shi ba ko a motar amarya, amma yana nan. Toni ya dube ni ya ce daga yau motar wannan yarinya a hannunka take.

Baba Sule take kirana. Irin ku ce, tana jin Hausa tsaf amma da Turanci take amsawa. Hausar bakinta ba ta wuce gaisuwa ba, sai 'yan kalmomin da ta tsinta wurin uwarta in sun je duba marasa lafiya na coci. Amma tarbiyyar gida tana nan daram. Ba ta taɓa miƙo mini sifana da hagu ba, ba ta taɓa katse ni ina magana ba, kuma in na yi kuskure a gaban mutane sai ta yi kamar ba ta gani ba, ta bari sai mun keɓe. Baiwarta a birki take. Inda sauran yara suke takawa, ita sai ta ƙara tsawon mota biyu kafin ta taka, ta shige ta cikinsu a kwana ta fita. Mai irin wannan tuƙi ransa yana hannun wanda ya haɗa masa birki.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, kuma ni da ita muke yi. Tana zaune a ciki, ni ina durƙushe wurin taya da ƙaramar sifana da siririn tiyo. In ce, "Taka. Taka. Riƙe." Ta riƙe, in buɗe, man ya fito da kumfarsa, in rufe, in ce, "Saki." Haka taya huɗu. Tun tana dariyar yadda nake faɗa har ta koma ita take riga ni, tana cewa taka, taka, riƙe, da irin muryata.

Shekararta ta biyu ita ce muguwar shekararmu. Yara biyu suka bar Toni suka koma manyan ƙungiyoyi, ɗaya makanikin da muke aiki tare ya bi su, aka bar ni ni kaɗai da mota ɗaya. Inji ya fashe mana a farkon bazara, ruwan sama ya ɓata mana gasa biyu. Duk da haka yarinyar nan ta riƙe matsayi na biyu har zuwa gasar ƙarshe. Sai wata babbar ƙungiya ta aiko cewa za ta ɗauki ɗaya daga cikin yara biyun da ke gaba ta hau da shi mataki na sama, komai a kanta, kuma mutuminsu zai zo ya kalli gasar ƙarshe da idonsa. Labari ya zaga. Matan cocinsu a unguwar Flatbush suka sa ta a addu'a, wani Alhaji ɗan Nijar mai kanti a layin nan ya kawo takardar sunan kantinsa aka manna a hancin motar. Malam Bitrus ya same ni a nan inda kuke zaune.

"Malam Sule, ƙarfinmu ya ƙare," in ji shi. "In ta samu wannan kujera, to. In ba ta samu ba, makaranta za ta koma, mun riga mun yi magana da ita."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, motar tana hannuna.

Filin gasar yana arewacin jihar nan, tafiyar awa biyar. Da safiyar Juma'a na buɗe tirela na nemi katan ɗin sabon man birki na rasa. Ni na yi lodi, ni na manta shi. Akwai mai sayar da irin waɗannan kaya a cikin filin, tafiyar minti biyar, amma sai Toni ya sa hannu ake ba mu, wato sai na je na ce masa na yi mantuwa a gasar da ta fi kowace muhimmanci. A ƙasan akwatina kuwa akwai babban gwangwani, rabi, wanda na tsame daga bola tun farkon bazara. Ya yi wata huɗu a garejin nan kusa da wurin wanke hannu, cikin irin gumin da kuka san Bronx tana yi. Na ɗiga a yatsa na duba, garau yake. Na ce a raina man da bai canza launi ba me ya same shi. Na juye na cikin motar na zuba shi, Rifkatu tana taka mini.

Ranar Asabar bayan gwaji ta jira Toni ya tafi ofishin alƙalan gasa, sannan ta ce mini a hankali birkin yana da kyau da farko, amma daga zagaye na shida yana nisa, sai ta ƙara tura ƙafa. Nan take na san man ne. Na ce mata iska ce ta rage, mu sake fitarwa. Muka sake, da sauran man gwangwanin nan.

Safiyar Lahadi ana ba da ɗan lokaci a ɗumama mota. Ta yi zagaye takwas ta shigo rumfarmu, ta kashe inji, ta zauna a ciki da hularta. Mu uku muna haɗe da waya, ni da Toni da abin ji a kunne, ita kuma nata yana cikin hula. Toni ya tambaye ta taya, ta ba shi amsa. Ya tambaye ta giya, ta ba shi amsa. Ya ce birki fa? Sai ta juyo da hular wajena, ta yi magana da Hausa.

"Baba Sule, da sauƙi."

Ku da aka haifa a nan wataƙila ba ku san nauyin wannan kalma ba. In ka je duba mara lafiya a wurinmu ka ce yaya jiki, da sauƙi za a ce maka. Ko yana tafiya da ƙafarsa, ko an juya shi gabas ana jiran lokaci, amsar ke nan. Lafiyayye ba a ce masa da sauƙi. Duk wanda ya ji kalmar ya san akwai ciwo, sauran kuma ya duba da idonsa. Yarinyar da uwarta nas ce, wadda ta taso tana jin wannan a bakin gadon marasa lafiya, ta san abin da ta faɗa. Kuma shekara biyu muna aiki ba ta taɓa yi mini Hausa a kan mota ba. Ta sauya harshe ne don kada Toni ya ji cewa aikin tsoho ya ɓaci. Ta rufa mini asiri, ta miƙo mini maganar in san yadda zan yi da ita.

Toni ya ce, "Me ta ce?"

Saura awa biyu a fara gasa. Juye man birki gaba ɗaya a zuba sabo bai fi minti arba'in ba. Abin da ake bukata kawai in buɗe baki in ce a sayo sabon mai, Toni ya tambayi ina wanda muka zo da shi, in faɗa masa. Zai yi mini tsawa a gaban mutane, wataƙila ya sallame ni bayan gasa. Iyakarta ke nan.

Na ce masa da Turanci, "Ta ce ya yi sauƙi, ya fi jiya."

Ya ɗaga babban yatsa ya wuce wurin takardunsa. In aka bi kalma da kalma, kusan ban yi ƙarya ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Na ce gasar zagaye goma sha biyar ce kawai. Na ce ga hadari yana haɗuwa, iska za ta yi sanyi, birkin ba zai yi zafin safe ba. Awa biyun nan na cinye su ina goge fukafukan mota da tsumma, ina sake auna iskar tayar da na riga na auna.

Ta tashi a ta biyu. A zagaye na uku ta shige yaron da ke gaba a ƙarshen doguwar hanya, daidai irin shigar da ta saba, har na ji Malam Bitrus yana kiran sunanta daga bakin shinge. Hadarin bai zo ba, rana ta buɗe. Ina tsaye da agogo ina ƙirga zagaye, na shida, na bakwai, na takwas, kowanne in ta wuce sai in ce saura kaza. A na goma sha ɗaya ta zo ƙarshen doguwar hanyar nan, inda ake sauka daga gudu mafi tsanani, motar ba ta rage ba. Na ga ta karkatar da ita da gangan ta tafi a gicciye don ta rage gudu, ta ratsa tsakuwa, ta daki tarin tayoyin da aka jera a bango. Tayar gaba ta hagu ta cire da duk abin da ke riƙe da ita, tiyon birki ya tsinke, man ya tsiyaye a cikin tsakuwa. Na'urar da ke motarmu ƙarama ce, gudu da juyin inji kaɗai take rubutawa. Babu abin da ya rage da zai nuna abin da ya faru, sai bakinta da nawa.

Ta fito da ƙafarta, wuyan hannunta na dama a karye. A ɗakin likitan filin, ana ɗaure mata hannu, Toni da mutumin babbar ƙungiyar suka shigo, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Mutumin ya tambaye ta me ya faru. Ba ta dube ni ba. Ta ce ta makara wurin taka birki, kuskurenta ne. Ya rubuta a ɗan littafinsa, ya yi mata fatan samun lafiya, ya fita. Ɗaya yaron aka ba kujerar.

Ni kuwa na koma rumfa na ɗauki gwangwanin nan, na tafi da shi can bayan wurin ajiye motocin 'yan kallo na jefa a wata bola da ba tamu ba. Mutumin da bai taɓa iya zubar da komai ba, ranar ya iya. Bayan mako biyu Malam Bitrus da matarsa suka zo garejin nan da kular abinci, suka yi mini godiyar wahalar da na sha a kan 'yarsu. Na karɓa, na ci. Toni ya rufe ƙungiyarsa a ƙarshen shekarar, ya ba ni sifanarsa mai ma'auni kyauta, ya ce bai taɓa aiki da amintacce kamata ba. Ita ce waccan a rataye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ko a lokacin ban buɗe baki ba.

Shekara bakwai na riƙe maganar. Rifkatu ta yi makaranta, yanzu motar ɗaukar marasa lafiya take tuƙawa, wataƙila ta sha wuce ku a Tremont da jiniya. Ta ci gaba da kawo mini motarta ta gida kamar yadda iyayenta suke yi. Wata Asabar da safe ta kawo ta juyen baƙin mai, tana zaune kan bencin nan tana shan shayi, na ajiye sifana na faɗa mata komai, daga katan ɗin da na manta har bolar da na jefa gwangwanin. Ta saurara har na gama.

"Na sani, Baba," ta ce da Turancinta. "Na ga gwangwanin tun ranar Juma'a, bakinsa a fashe, da shatin yatsanka a jiki. Kuma wayar a haɗe take. Na ji abin da ka gaya wa Toni."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara bakwai ina ganin ta ɗauka ban fahimce ta ba ne.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa masa da kanki?"

"Na ɗauka kana da dabara. Na ce Baba zai san yadda zai canza ba tare da kowa ya sani ba. Awa biyu ina zaune a tirela ina leƙen ka, kana goge mota." Ta juya kofin a hannunta. "Ni ma da bakina. Shekarata sha bakwai, amma da bakina. Na kasa tona ka a gabansa, shi ke nan."

Na ce ta yafe mini. Na ce zan je in gaya wa mahaifinta, in nemi Toni in gaya masa. Ta ce Toni in na ga dama, amma mahaifinta in bar shi, ya riga ya haƙura da cewa ita ta yi kuskure, ba ta son ya sake sabon ciwo. Sannan ta miƙe ta ɗauki makullinta, ta ce mini da Hausa, "Ba komai, Baba." Karo na biyu ke nan da ta yi mini Hausar da ba gaisuwa ba, kuma ni Bahaushe ne, na san kalmar ba komai kamar yadda na san da sauƙi.

Na rubuta wa Toni wasiƙa, bai amsa ba. Wannan labarin ne ya sa in na tambayi ɗayanku yaya motar da na gyara, ya ce mini da sauƙi ko ba laifi, kuke ganin ina tayar da jijiyar wuya ina cewa a faɗa mini da kowane yare, amma a faɗa. Shi ya sa kuma kuke ganin gwangwanaye rabi-rabi a bolata kuna cewa Baba Sule almubazzari ne.

Har yau tana kawo motar. Juye, batir, fitila, abin goge gilashi, duk ni nake yi, kuma ba ta taɓa zuwa ba tare da ta kawo mini goro ko lemo ba. A watan jiya ta kawo in juya mata tayoyi. Na ɗaga motar na cire ta gaba, sai na ga birkin sabo fil, an canza komai, aiki mai tsabta, hannun wani ne ba nawa ba. Sai na tsaya na yi lissafi, na ga tun daga waccan shekara ba ta taɓa kawo mini birki ba, ni ne ban lura ba. Tana zaune a bencin tana duba wayarta. Ban tambaye ta ba. Na mayar da tayar, na ɗauko sifanar Toni, na bi notunan ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya ce ƙas.